DAGA TAWA ZUWA MARADI A JIRGIN SAMA: KILOMITA NAWA, MINTI NAWA?



Kowa a cikinmu ya taɓa ɗaga kai ya ga jirgin sama yana wucewa bisa garinsu. Wani lokaci ƙararsa kaɗai ake ji. Wani lokaci a ga ya bar farin layi a bayansa. Yara su bi shi da kallo, manya su ce kafin mutum ya gama alwala ya kai Maradi. Wasu ma suna cewa jirgi ba ruwansa da nisa, ko'ina a duniya kusa ne gare shi.

Ba haka abin yake ba. Tafiyar jirgi tana da lissafinta, kamar yadda tafiyar jaki da ta mota suke da nasu. Duk wanda ya iya tarawa da rabawa zai iya yin wannan lissafi da kansa. Yau za mu ɗauki filayen jirgi biyu na ƙasarmu, na Tawa da na Maradi, mu auna nisan da ke tsakaninsu, mu ga minti nawa jirgi yake yi. Daga nan sai mu ga ko jirgi zai amfani mutumin Arewa da ke son zuwa Maradi.

FILAYEN BIYU

Babban filin jirgin ƙasarmu yana Yamai. Sunansa filin jirgi na Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko. Yana kan hanyar Dosso, saboda haka wanda ya taso daga Dogon Dutsi a mota zai wuce ta gefensa kafin ya shiga cikin birni. Can ne manyan jiragen ƙasashen waje suke sauka.

Bayan wannan akwai filayen jahohi, kamar na Tawa, da Maradi, da Damagaram, da Agadas, da Difa. A Dogon Dutsi da Tibiri babu filin da jirgin fasinja yake zuwa ɗaukar mutane. Tawa tana arewa maso gabas da mu, Maradi kuma tana gabas.

Me ke cikin ƙaramin filin jirgi? Abu na farko shi ne titin jirgi, wato doguwar hanya miƙaƙƙiya, mai faɗi, wadda jirgi yake gudu a kanta kafin ya tashi, kuma a kanta yake sauka. Titin Tawa da na Maradi kowanne ya kai kimanin kilomita 2. Akwai ɗakin da matafiya suke jira. Akwai masu duba yanayi, waɗanda suke auna iska da zafi da ƙura. Akwai masu magana da matuƙin jirgi ta rediyo. Akwai kuma ƴan kwana-kwana, masu jiran ko ta kwana.

MU TUNA DA KILOMITA

Kilomita 1 mita 1000 ce. Namiji mai lafiya yana taka ta a cikin minti 12 zuwa 15. Fararen duwatsun nan da ke bakin babbar hanya, masu lamba a jiki, kilomita suke ƙirgawa.

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari kimanin kilomita 15 ne. Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, in an miƙe ba karkata, kimanin kilomita 60 ne. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu yi aiki da su.

HANYAR ƘASA DA HANYAR SAMA

Tsakanin kowane gari biyu akwai nisa iri biyu. Akwai nisan hanyar mota. Akwai kuma nisan da tsuntsu yake bi, wato miƙaƙƙen layi.

Ku duba gonarku. Mai amalanke dole ya bi burtali, ya kewaye gonar wane, ya kewaye kwari, kafin ya iso. Hankaka kuwa daga bishiyar gida sai bishiyar gona. Amalanke da hankaka wuri ɗaya suka je, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Haka yake tsakanin Tawa da Maradi. Motar da ta bi kwalta daga Tawa kudu take fara yi. Ta wuce Badagishiri, ta iso Tsarnawa, kusa da Birnin Ƙonni. Nan take shiga babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratso ta Dogon Dutsi. Sai ta juya gabas, ta bi ta Malbaza, da Galmi, da Madawa, da Gidan Rumji, da Tibirin Gobir, sannan Maradi. Kada ku haɗa Tibirin Gobir da Tibiri tamu ta jahar Dosso, garuruwa biyu ne masu suna ɗaya. Wannan hanya ta lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Tsawonta ya kusa kilomita 350.

Miƙaƙƙen layi kuwa daga Tawa ya nufi kudu maso gabas, ya bi tsakanin Buza da Madawa, ya faɗa Maradi. Tsawonsa kimanin kilomita 250 ne.

350 a cire 250, saura 100. Ke nan tun kafin a yi maganar gudu, jirgi ya riga ya rage wa kansa kilomita 100.

Za ku iya gwada wannan a cibiya. Malam ya shimfiɗa taswirar Nijar. A samo zare. A ɗora bakinsa kan Tawa, a ja shi ya miƙe har Maradi, a auna shi da rula. A gindin kowace taswira an rubuta ma'auninta. Idan an ce santimita 1 daidai take da kilomita 25, zaren zai kai santimita 10, domin 10 sau 25 shi ne 250. Bayan haka a kwantar da zaren bisa layin hanyar mota, a bi duk lanƙwasarta. Za ku ga ya kai kusan santimita 14.

GUDUN JIRGI

Ana auna gudu da yawan kilomitan da abu yake ci a cikin awa 1.

Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 4 ko 5 a awa.
Motar fasinja, in an haɗa da tsaye-tsayenta, tana cin kilomita 60 ko 70 a awa.
Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, mai ɗaukar mutum kaɗan, yana cin kilomita 200 zuwa 300 a awa.
Matsakaicin jirgi mai farfela biyu, mai ɗaukar mutum 50, yana cin kimanin kilomita 500 a awa.
Babban jirgi marar farfela, irin na alhazai, yana cin kimanin kilomita 850 a awa.

Kun ga ke nan jirage ma ba gudunsu ɗaya ba. In mutum ya ce muku daga gari kaza zuwa gari kaza minti kaza ne a jirgi, ku tambaye shi: a wane irin jirgi?

Jirgin da ke cin kilomita 500 a awa, a minti 1 yana cin kilomita 8 da ƴan kai. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari bai cika minti 2 ba. Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri minti 7 ne da kaɗan.

GA YADDA AKE LISSAFIN

Dokar guda ɗaya ce: a raba nisa da gudu, a sami lokaci.

Mota: kilomita 350 a raba da 70, a sami awa 5.
Ƙaramin jirgi: kilomita 250 a raba da 250, a sami awa 1.
Matsakaicin jirgi: kilomita 250 a raba da 500, a sami rabin awa, wato minti 30.

Mai raƙumi da ke cin kilomita 35 a yini, in ya bi hanyar mota, kwana 10 zai yi.

ME YA SA MINTI 30 YAKE ZAMA MINTI 45?

Lissafinmu ya ba mu minti 30. Amma wanda ya shiga matsakaicin jirgi daga Tawa zuwa Maradi, in ya duba agogo, zai ga kamar minti 45 ya yi. Ina sauran minti 15 suka fito?

Na farko, jirgi ba ya tashi daga inda aka rufe ƙofarsa. Sai ya ja jiki a hankali har ƙarshen titi, ya juya, ya jira a ba shi izini ta rediyo.

Na biyu, hawa. Dole jirgi ya hau sama, kuma a lokacin hawa ba ya samun cikakken gudunsa. Kamar doki ne a kan tudu. Matsakaicin jirgi a doguwar tafiya yana hawa kilomita 6 ko 7 sama. Babban jirgi yana kaiwa kilomita 10 ko 11. Can sama akwai sanyi ƙwarai, ko da a ƙasa bazara ake yi.

Na uku, sauka. Tun da sauran nisa matuƙi yake rage gudu, yana gangarowa sannu sannu. Wani lokaci sai ya kewaya filin domin ya daidaita da titi, ya kuma fuskanci iska. Jirgi iska yake fuskanta in zai tashi, ita kuma yake fuskanta in zai sauka.

Wannan ƙari yana nan ko tafiya gajera ce ko doguwa. A tafiyar awa 5, minti 15 ba a jin su. A tafiyar minti 30 kuwa, rabin tafiyar ce aka ƙara. Shi ya sa tsakanin garuruwa masu kusa da juna ribar jirgi take raguwa.

ISKA DA HAZO DA HADARI

Akwai abubuwan da suke sauya lissafi, waɗanda ba a hannun matuƙi suke ba.

Iska. Mai keke ya san bambancin iskar da ke tura shi daga baya da wadda ke dukan ƙirjinsa. Haka jirgi ma. Mu ɗauki ƙaramin jirgi mai cin kilomita 250 a awa. Idan iska mai gudun kilomita 50 ta tare gabansa, gudunsa bisa ƙasa ya koma 200. Tawa zuwa Maradi sai ta zama awa 1 da minti 15. Idan iskar daga baya take, gudunsa ya zama 300, tafiyar ta koma minti 50. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, amma zuwa da dawowa sun bambanta da minti 25.

Hazo. A lokacin hunturu iska tana ɗauko ƙura daga hamada. Wata rana mutum ba ya ganin bishiyar da ke bakin gari. Matuƙi yana bukatar ya ga titi kafin ya sauka. Manyan filaye suna da na'urorin da ke taimaka masa, ƙananan filaye nasu kaɗan ne. In hazo ya yi yawa sai a jinkirta tafiya, ko a ɗage ta sai gobe.

Hadari. Da damina hadari daga gabas yake taso mana, da guguwa da tsawa. Matuƙi ba ya ratsa cikin baƙin hadari. Yana kewaye shi, ko ya jira a ƙasa har ya wuce. Kewayen nan ƙarin kilomita ne, ƙarin minti ne.

Zafi. Da tsakar ranar bazara iska tana yin sako-sako, ba ta ɗaga fiffike da kyau. Jirgi sai ya yi gudu mai tsawo a titi kafin ya tashi. Wani lokaci ma sai an rage masa kaya.

Dare. Filin da ba shi da fitilu a titinsa, da rana kaɗai ake sauka a cikinsa.

Saboda waɗannan dalilai doka ta hana jirgi ya tashi da man da zai kai shi inda za shi kaɗai. Dole ya ɗauki ƙari, wanda zai ishe shi ya wuce wani filin in ya tarar ba dama ya sauka. In aka ce muku an jinkirta tashi, kada ranku ya ɓaci. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

MUTUMIN DOGON DUTSI ZAI TAFI MARADI

Yanzu mu kawo lissafin gida. Wani mutumin Dogon Dutsi yana da buƙata a Maradi. Yana sauri. Aka ce masa ya shiga jirgi. Bari mu ƙirga masa.

In ya bi mota: daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni kimanin kilomita 145, daga Ƙonni zuwa Maradi kimanin 240. An tara, 385. Tafiyar awa 6 ce.

In ya bi ta Yamai: sai ya ba Maradi baya, ya yi yamma, ya bi ta Kore Mai Ruwa da Dosso, kilomita 275, awa 4 a mota. Sai ya jira awa 2 a filin jirgi. Daga Yamai zuwa Maradi ta sama kimanin kilomita 535 ne, awa 1 da minti 20 a matsakaicin jirgi. Miƙaƙƙen layin Yamai da Maradi ta ƙasar Arewa ya bi, tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri. Ke nan sai ya dawo ta bisa garinsu, inda ya baro da asuba. In ya sauka, karɓar kaya da shiga gari rabin awa. An tara duka, awa 7 da minti 50.

In ya bi ta Tawa: daga Dogon Dutsi ta Ƙonni da Tsarnawa kimanin kilomita 280, awa 4 ko fiye. Jira awa 2. Jirgi minti 45. Fita rabin awa. An tara, awa 7 da minti 15. Kuma a Tsarnawa da ya juya arewa, ya bar hanyar Maradi da kansa.

Mota awa 6, jirgi fiye da awa 7. Kuɗin jirgi kuma ya ninka na mota sau da yawa. Bayan haka, a ƙananan filaye ba kullum jirgi yake zuwa ba. Mai yiwuwa ne mutum ya kwana yana jira.

Abin da za mu riƙe a nan shi ne: jirgi ya fi mota gudu, amma tafiya daga ƙofar gida take farawa, a ƙofar masauki take ƙarewa. Dukkanta ake ƙirgawa.

INDA JIRGI YA FI AMFANI

In tafiya ta yi nisa, sai lissafi ya juya.

Daga Yamai zuwa Agadas a mota kimanin kilomita 950 ne. Ta sama kimanin 740, wato bai cika awa 2 ba a matsakaicin jirgi. Daga Yamai zuwa Difa a mota ya wuce kilomita 1300, yini da dare ana tafiya. Ta sama kimanin 1130, wato awa 2 da rabi. A irin wannan tafiya ko an ƙara awa 2 na jira, jirgi ne a gaba.

Sai aikin haji. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, ta Cadi da Sudan, su haye teku. Wasu wata da watanni suke yi, wasu shekaru, suna tsayawa suna noma da ƙwadago a hanya. Daga Yamai zuwa Jidda ta sama kimanin kilomita 4000 ne. A raba da 850, a ƙara lokacin hawa da sauka, a sami kimanin awa 5.

A nan akwai abin da yake rikita alhazai. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, domin rana tana riga fito musu. Jirgin da ya tashi Yamai ƙarfe 10 na safe, ya yi awa 5, a agogonmu ƙarfe 3 na yamma ya sauka. A agogon Jidda kuwa ƙarfe 5 ne. Alhaji ya gyara agogonsa da ya sauka, domin sallah da sauran ayyuka da lokacin can ake yin su.

Ƙananan filaye kuma suna da ranarsu. A lokacin farin 1973 da 1974 jiragen ƙasashen waje sun yi jigilar hatsi zuwa arewacin ƙasarmu, inda mota take wahalar kaiwa. A shekarun fara, kamar 1988 da 2004, ƙananan jirage sun yi feshin magani. Marar lafiyar da ba zai iya jure awa 10 a mota ba, jirgi yana iya kai shi babban asibiti cikin awa 1 ko 2.

TARIHI A TAƘAICE

Jirgin sama ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1903, a ƙasar Amurka, wasu ƴan uwa biyu masu sana'ar keke, ana ce musu Wright, suka tashi a jirgi mai inji. Tashinsu na farko daƙiƙa 12 ne, nisansa bai kai mita 40 ba. A shekarar 1925 jirage suka fara sauka a Kano.

A shekarar 1959 aka kafa hukumar ASECNA, wadda take kula da lafiyar zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar. Tana da makaranta a Yamai, inda ake koyar da masu jagorar jirage da masu duba yanayi. A shekarar 1961 Nijar ta haɗu da wasu ƙasashe suka kafa kamfanin Air Afrique, wanda ya rufe a 2002. A shekarar 1966 aka kafa Air Niger, wanda ya riƙa haɗa Yamai da Tawa da Maradi da Damagaram da Agadas, daga baya ya daina aiki. A shekarar 2014 kamfanin Niger Airlines ya fara jigila cikin ƙasa da jirgi samfurin Fokker 50. Irin wannan jirgi ne muka kira matsakaici a lissafinmu.

YADDA AKE KARANTA TIKITI

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Wanda ya iya karanta tikitinsa ba mai ruɗinsa.

Sunan gari. A tikiti da rubutun Faransanci ake sa shi. Yamai ita ce Niamey. Tawa ita ce Tahoua. Damagaram ita ce Zinder. Kowane fili kuma yana da alama ta haruffa 3. NIM Yamai ce. THZ Tawa. MFQ Maradi. ZND Damagaram. AJY Agadas. JED Jidda. MED Madina. Haruffan nan ne ake liƙawa a jikin jakarku. Ku duba su da idonku kafin jakar ta wuce.

Lokaci. A tikiti ba a cewa safe ko yamma. Ana ƙirga awa daga 0 har 24. Lambar da ba ta kai 12 ba, ta dare ce ko ta safe. Wadda ta wuce 12, ku cire mata 12. Idan kun ga 08:15, ƙarfe 8 da kwata na safe ne. Idan kun ga 14:30, 14 a cire 12 saura 2, wato ƙarfe 2 da rabi na rana. Idan kun ga 20:00, ƙarfe 8 na dare ne. Idan kun ga 02:00, ƙarfe 2 na dare ne, ba na rana ba. Wannan ya sa mutane da yawa asara.

Lokacin da aka rubuta na tashin jirgi ne, ba na zuwanku ba. Ku iso da awa 2 kafin nan. In ƙasar waje za ku, awa 3 ko fiye. Jirgi ba kamar motar tasha ba ne, ba ya jiran ya cika, ba ya jiran wanda ya je sallama.

Suna. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa ko fasfo, harafi da harafi.

Kaya. Ana auna su a sikeli. Yawan kilon da aka yarda muku yana rubuce a tikiti. Abin da ya ɗara sai an biya. Ba a shiga da wuƙa ko takobi a jiki ko a jakar hannu. Fetur da gas ba a ɗaukar su sam.

Saƙo. Kada ku karɓi ƙunshi ko jaka daga wanda ba ku sani ba, ko da ya roƙe ku da Allah. Abin da aka samu a kayanku, naku ne a gaban shari'a.

Kuɗi. Kada ku ba kowa kuɗin jirgi ko na haji sai a ofishin da hukuma ta yarda da shi, kuma ku karɓi rasit, ku karanta shi.

A cikin jirgi ku ɗaura ɗamarar kujera. In kunnenku ya toshe lokacin hawa ko sauka, ku haɗiyi yawu ko ku yi hamma, zai buɗe.

GA MAƘWABTAN FILIN JIRGI

Wasunmu suna zuwa cin rani ko kiwo kusa da garuruwan da suke da fili. Jirgin da ke sauka yana gudun kusan kilomita 200 a awa, ba ya iya kauce wa saniya ko yaro. Kada a ratsa titin jirgi da dabbobi. Kada a zubar da shara ko mushe kusa da shi, domin suna jawo ungulu da shirwa, tsuntsu kuma yana lalata injin jirgi. Kada a sa wuta a daji kusa da fili, hayaƙi yana rufe wa matuƙi ido.

TAMBAYOYI DOMIN CIBIYA

1. Daga Tawa zuwa Maradi kilomita nawa ne a mota, kilomita nawa ne ta sama? Me ya kawo bambancin?
2. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ta sama kimanin kilomita 200 ne. Jirgi mai cin kilomita 200 a awa, awa nawa zai yi? Mai cin 400 fa?
3. Ku faɗi abubuwa 3 da suke ƙara wa jirgi lokaci.
4. An rubuta 16:45 a tikiti. Ƙarfe nawa ke nan? Ƙarfe nawa ya kamata matafiyi ya iso fili?
5. Jirgi ya tashi Yamai ƙarfe 6 na safe, ya yi awa 5 zuwa Jidda. Ƙarfe nawa ne a Jidda?
6. Daga garinku zuwa kasuwar da kuka fi ci, kilomita nawa ne? Awa nawa kuke yi a ƙasa, awa nawa a amalanke?

Ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da malaminku. Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa da hannunsa. Cibiyar da ta gama ta aiko mana da amsoshinta, tare da sunan garinta da nisansa daga Dogon Dutsi ko Tibiri. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman mai niyyar zuwa haji bana.

Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi lafiya.